Suga, Taba da Tsohuwar Karaya: Abin Dubawa Kafin Aikin Idon Sawu

"Likita, barka da aiki. Shekaruna 53. Shekara 14 da suka wuce na karye a idon sawun dama, aka ɗora, na warke, na ci gaba da harkokina. Shekara biyu ke nan ciwon ya dawo, kullum ƙaruwa yake yi. Da yamma ƙafar ta kumbura, da safe kuma sai na daɗe ina ɗingishi kafin ta saki. Likitan ƙashi ya duba hoto ya ce gaɓar ta cinye, ya ba ni shawarar a yi aiki a haɗe ta da kusoshi. Ina da ciwon suga shekara shida, ina kuma shan taba amma ba da yawa ba. Aikina na tsayuwa ne, kuma ina tuƙi. Me ya kamata in duba kafin in amince? Tsorona kada in shiga da ƙafata in fito da sanda."

Malam, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Tsoron nan naka yana kan hanya, kuma na fi samun natsuwa da majinyacin da ya zo da shi fiye da wanda ya zo yana cewa a yi kawai a gama. Idan na fahimce ka, kana son sanin ko lokacin aikin ya yi, da ko haɗe gaɓar ne ya fi dacewa da kai. Akwai kuma abin da ba ka tambaya kai tsaye ba amma ka ambata shi a tsakiyar saƙonka, wato suga da taba. A wurina wannan shi ne babban zancen. Aikin kansa awa ɗaya ne zuwa biyu a ɗakin tiyata. Warkewar kuwa watanni ce, kuma jikinka ne zai yi ta, ba hannun likita ba.

Bari mu fara da dalilin da ya sa tsohuwar karaya ta taso maka bayan shekaru. Ƙafar mutum daga idon sawu zuwa yatsu tana da ƙashi 26 da gaɓɓai 33. Idon sawu shi ne mahaɗar ƙasusuwa uku: manyan biyun da suka sauko daga ƙwauri, da wani ƙarami a ƙarƙashinsu da likitoci ke kira talus, wanda yake zaune a tsakaninsu daram kamar an auna. Wurin da suke gogar juna ƙarami ne ƙwarai, amma a kowane taku yana ɗaukar nauyin da ya ninka na jikinka sau huɗu zuwa biyar. Wani sanannen gwaji da Ramsey da Hamilton suka wallafa a 1976 ya nuna cewa idan talus ya goce gefe da milimita ɗaya tak, faɗin wurin da ke ɗaukar nauyin yana raguwa da kashi 42 cikin ɗari. To ka ga idan karaya ta ɗoru da ɗan karkata da ido ba zai gani ba, ko kuma guringuntsin ya bugu tun ranar hatsarin, sai ya riƙa cinyewa a hankali har ƙashi ya koma gogar ƙashi. Shi ya sa amosanin idon sawu ya bambanta da na gwiwa da na ƙugu. Waɗancan galibi shekaru ne ke kawo su, wannan kuwa mafi yawansa tsohon rauni ne, kuma yakan kama mutum yana da sauran ƙarfinsa, kamar kai.

Hoton ne ya lalace ko rayuwar?

Aikin ƙafa kashi biyu ne. Akwai wanda ba ya jira: karayar da ta goce, ƙashin da ya huda fata, ruɓar da ta kai ƙashi, ƙafar da jini ya daina isa gare ta. Akwai kuma wanda kai ne kake zaɓar ranarsa, kuma naka yana cikin wannan. Guringuntsin da ya cinye ba zai dawo ba, amma jinkirin wata uku don ka shirya ba zai ɓata komai ba in dai ƙafar ba karkacewa take ƙara yi da sauri ba. Ka riƙe wannan, domin shi ne zai ba ka damar yin duk abin da zan faɗa a gaba.

Na ga hotuna masu ban tsoro na mutanen da suke tafiyarsu lafiya, na kuma ga hotuna masu dama-dama na mutanen da ba sa iya barci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don haka tambayoyin da nake yi wa majinyaci su ne: tafiyar minti nawa kake yi kafin ciwon ya tsayar da kai? Yana tashe ka cikin dare? Me ka daina yi saboda shi? Idan amsar ita ce ka fara kauce wa aiki, kana lissafin kowane taku, kana dogara da ƙwayar rage zafi kullum, to maganar tiyata ta taso da gaske.

Ka tabbatar hoton da aka ɗauka a tsaye aka ɗauke shi, nauyinka yana kan ƙafar. Hoton kwance yana ɓoye matsewar gaɓa da karkatarta. Sannan akwai wata gaɓa a ƙarƙashin talus, tsakaninsa da ƙashin dunduniya, wadda ita ma takan lalace bayan karaya, kuma ciwonta yana kama da na sama. Idan akwai shakka, akan yi allurar kashe zafi a cikin gaɓar da ake zargi, a ce ka je ka yi tafiya. In ciwon ya ɗauke na 'yan awoyi, an gano inda yake. In bai ɗauke ba, haɗe wannan gaɓar ba zai raba ka da shi ba. Gwaji ne mai sauƙi, kuma ya sha hana ni yin aikin da ba zai amfani mutum ba.

Ba ka gaya mini abin da aka gwada kafin a kai ga maganar wuƙa ba. Takalmi mai taurin ƙasa da aka lanƙwasa gabansa da bayansa yana sa ƙafa ta mirgina ba tare da gaɓar ta motsa sosai ba. Akwai abin ɗaure idon sawu da ake sawa cikin takalmi. Akwai gashin ƙashi da motsa jiki don ƙarfafa tsokar ƙwauri, da rage ƙiba ga mai ita, wanda amfaninsa yake ninkuwa saboda lissafin nauyin da na ambata. Allurar rage kumburi a cikin gaɓa tana ba da hutu na makonni ko watanni, sai dai ga mai suga tana ɗaga sugan na wasu kwanaki, kuma likitoci da yawa suna son a bar kamar wata uku tsakaninta da tiyata saboda gudun ƙwayoyin cuta. Wata dabara da nake so ita ce in sa majinyaci ya yi mako biyu ko uku cikin dogon takalmin asibiti mai hana idon sawu motsi. Abin da ya ji a cikinsa ya yi kusa da abin da zai ji bayan an haɗe gaɓar, kuma yakan dawo da amsarsa da kansa.

Gwada wasu hanyoyi kafin tiyata ba a idon sawu kaɗai yake da amfani ba. Ciwon dunduniyar nan da ke sukar mutum a takun farko da safe, kusan tara cikin goma suna warkewa cikin shekara ba tare da tiyata ba. Ko tsinkewar agara, da a da ake ganin sai ɗinki, wani babban bincike da aka yi a Norwe aka wallafa a 2022 ya gano cewa bayan wata 12 waɗanda aka yi wa aiki da waɗanda ba a yi wa ba sun kai kusan matsayi ɗaya. Sake tsinkewa ya fi yawa ga waɗanda ba a ɗinke ba, raunin jijiyar ji kuma ya fi yawa ga waɗanda aka ɗinke. Kowane ɓangare da abin da yake biya.

Haɗewa ko sauyawa

A aikin haɗewa ana kankare ragowar guringuntsin, a matse ƙasusuwan da kusoshi ko farantin ƙarfe, a jira su zama ƙashi ɗaya kamar yadda karaya take ɗoruwa. Ciwo yana tafiya saboda babu sauran abin da ke gogar wani. Abin da ka bayar shi ne motsin sama da ƙasa na wannan gaɓar, har abada. Mutane suna jin haka sai su ɗauka ƙafar za ta zama itace. Ba haka ba ne. Gaɓɓan da ke ƙasa da gaba suna karɓar wani ɓangare na motsin, kuma da yawa cikin waɗanda aka yi wa, in suna sanye da takalmi a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, ba za ka gane ba. Inda abin yake bayyana shi ne gangare, matakala, ƙasa mai gargada, gudu, da tsugunawa har ƙasa. Kuma gaɓɓan da suka karɓi aikin suna iya gajiya su ma bayan shekaru masu yawa.

Ɗaya hanyar ita ce sauya gaɓar da ta ƙarfe da roba. Tana barin motsi, amma kayan suna da iyakar shekaru, ba su kai na gwiwa da ƙugu daɗewa ba, kuma aikin ƙarfi da doguwar tsayuwa suna saurin cinye su. A Birtaniya an kwatanta hanyoyin biyu a kan mutum 303 masu shekara 50 zuwa 85, aka fitar da sakamakon a 2022. Bayan shekara ɗaya duka ɓangarorin sun samu sauƙi sosai, ba tare da wani babban rata a tsakaninsu ba. Matsalar warkewar fata da raunin jijiya sun fi yawa ga masu sauyawa, daskarewar jini da ƙin haɗuwar ƙashi sun fi yawa ga masu haɗewa. Ga mai shekara 53, mai aikin tsayuwa, mai suga, shawarar likitanka ta haɗewa ba baƙuwa ba ce, kuma da alama ni ma nan zan karkata. Amma ka nemi ya faɗa maka dalilinsa da bakinsa.

Suga, taba da jini

Ƙafa ita ce wuri mafi nisa daga zuciya. Fatar da ke kan idon sawu siririya ce, babu tsoka mai kauri tsakaninta da ƙashi, kuma shi talus jininsa kaɗan ne tun asali domin babu tsokar da ta manne masa, fiye da rabin jikinsa kuma guringuntsi ne ya rufe shi. Ciwon da zai warke cikin sauƙi a cinya yana iya buɗewa a nan, kuma in ya buɗe, ƙarfe ne a ƙarƙashinsa. Ƙwayoyin cuta kuwa in suka kama ƙarfe, da wuya magani kaɗai ya kore su.

Ka ce tabar ba da yawa ba. Ƙashi bai san wannan ba. Nikotin yana tsuke ƙananan hanyoyin jini, hayaƙin kuma yana rage iskar da jini ke ɗauka, alhali duk nasarar wannan aikin ta rataya ne a kan sabbin hanyoyin jini su tsallaka daga wannan ƙashin zuwa wancan. A jimlace kusan ɗaya cikin goma na aikin haɗe idon sawu ba ya haɗuwa, kuma ga mai shan taba hatsarin yana ninkuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2020 cewa daina taba aƙalla mako huɗu kafin tiyata yana rage matsaloli a bayanta. Don aikin ƙashi ni mako shida nake nema, sannan a ci gaba da ƙaurace mata har hoto ya nuna ƙashin ya haɗu. Shisha da tabar lantarki duk suna ciki. Akwai wani bawan Allah da na taɓa yi wa wannan aikin, ya daina kafin ranar kamar yadda muka yi da shi, amma zaman gida da gundura suka mayar da shi a mako na uku. Bai faɗa mini ba sai a wata na shida, lokacin da hoto ya nuna layin da ke tsakanin ƙasusuwan yana nan. Sai da aka sake aiki, aka ɗebo ƙashi daga ƙugunsa aka cike wurin. Shekara guda da rabi ta tafi a abin da ya kamata ya ci wata huɗu. Tun daga nan nake magana a kan taba tun kafin in yi magana a kan kusoshi.

Suga kuma ta hanyoyi da yawa yake shiga. Awon yatsa na safe ba ya isa. Ka nemi gwajin HbA1c, wanda yake nuna matsakaicin sugan jininka na wata biyu zuwa uku da suka wuce. Likitocin ƙafa da yawa suna son ya sauko ƙasa da kashi 8 cikin ɗari kafin aikin da ba na gaggawa ba, kuma in ya fi haka sauka ba tare da sugan yana faɗuwa ƙasa da ƙima ba, ya fi kyau. Abu na biyu, wanda ya fi wannan damuna, shi ne jijiyoyin ji. Shin kana jin ƙafarka tana mutuwa, ko tana zafi kamar wuta da dare, ko kamar ana tsira maka allura? Akwai wani siririn zaren roba mai matsin giram 10 da ake taɓa tafin ƙafa da shi idonka a rufe. Wanda ba ya jinsa, ƙafarsa ba za ta gargaɗe shi ba idan filasta tana cin fatarsa ko ya taka fiye da ƙima, kuma ƙashinsa yana jinkirin haɗuwa. Irin wannan majinyacin ana sa masa ƙarfe mafi ƙarfi, a kuma tsawaita masa lokacin hana taka ƙafa, wani lokaci har ninki biyu. Abu na uku, a taɓa bugun jini a bayan ƙafa da bayan idon sawu, in ya yi rauni a auna hawan jinin idon sawu a kwatanta da na hannu. Idan aka raba na idon sawu da na hannu, sakamakon ya gaza 0.9, likitan hanyoyin jini ya kamata ya gan ka kafin likitan ƙashi ya taɓa ka.

Ka tattara duk magungunan da kake sha ka kai su asibiti a kwalayensu, har da na ganye da na ƙarin kuzari. Asfirin, warfarin da sauran masu tsinka jini suna da tsarin dakatarwa, kuma kada ka tsayar da su da kanka. Wasu magungunan suga na zamani, masu fitar da suga ta fitsari, ana dakatar da su kamar kwana uku kafin aiki. A duba ƙarancin jini, aikin ƙoda da bitamin D. Mai sikila ya faɗa tun farko, domin a wannan aikin akan matse cinya da ɗauri don tsayar da jini, kuma wannan yana buƙatar shiri na musamman a gare shi.

Makonnin da ba a cika tambaya a kansu ba

Mako biyun farko kwanciya ce, ƙafa a ɗage sama da ƙirji kusan yini duka, ba ka sauko da ita sai don banɗaki. Ana cire zare wajen mako biyu zuwa uku. Galibi mako shida ba ka taka ƙafar ko kaɗan, sannan wasu shida kana takawa a hankali cikin takalmin asibiti, ga mai suga kuma ana iya ƙarawa. Kumburi yakan kai wata shida, har shekara. Aikin zama ana iya komawa da wuri, amma aikin tsayuwa irin naka ka sa wata huɗu zuwa shida a lissafinka, kuma ka yi wannan maganar da wurin aikinka da iyalinka tun yanzu. Tunda ƙafar dama ce, babu tuƙi muddin kana cikin filasta ko takalmin asibiti, kuma bayan an cire sai ka iya taka birki da ƙarfi nan take ba tare da tunani ba. Ka ɗauka wata uku ne ko fiye.

Kafin ranar, ka karɓi sandunan dogarawa ka gwada yini guda a gida da ƙafa ɗaya. Za ka gano abubuwan da ba wanda zai gaya maka: cewa ba ka iya ɗaukar kofin ruwa, cewa matakala uku na ƙofa sun zama aiki, cewa kafaɗarka ko ɗaya gwiwar ba za su jure ba. Gara ka gano haka yanzu, a nemo keken turawa ko kujerar wanka, a sauko maka da shimfiɗa ƙasa in a bene kake, a san wanda zai kasance tare da kai a makon farko. Faɗuwa ɗaya a banɗaki tana iya ɓata aikin gaba ɗaya.

Game da zafi, sau da yawa ana haɗa allurar barci ko ta baya da wata allura a bayan gwiwa wadda take kashe ƙafar na awa 12 zuwa 24. Idan ta saki, zafin yana zuwa gaba ɗaya, sau da yawa cikin dare, don haka ka fara shan maganin da aka ba ka tun kafin ta saki. Ƙafar da aka hana motsi tana iya daskarar da jini a jijiyar ƙwauri, kuma gudan yana iya tafiya huhu. Ka tambaya ko za a ba ka maganin kariya. Kumburin sha-raɓa mai zafi, ciwon ƙirji, ƙarancin numfashi, zazzaɓi, wari ko ruwa daga ciwon, yatsun da suka yi fari ko baƙi, duk waɗannan ba a kwana da su a gida. Akwai kuma mutuwar ji a wani ɓangaren fata kusa da tabon, wadda takan faru kuma wani lokaci ba ta komawa, da wani ciwon jijiya mai tsanani da ba kasafai yake faruwa ba, inda ƙafa take zafi da kumburi fiye da abin da raunin ya kamata ya jawo. Shi wannan gano shi da wuri yana da muhimmanci.

Idan ka koma wurin likitanka, ka je da wani naka, ka kuma rubuta tambayoyinka. Sau nawa yake yin wannan aikin a shekara? Ta ƙananan huda da kyamara zai yi ko ta buɗewa, kuma me ya sa? Hanyar kyamara tana rage wahalar fata, amma ta fi dacewa da ƙafar da ba ta karkace sosai ba. Idan ƙashin bai haɗu ba, mene ne mataki na gaba? Wa za ka kira idan wani abu ya taso da dare? Neman ra'ayin likita na biyu ba raini ba ne ga na farko, kuma likitan da ya san aikinsa ba ya jin haushin haka.

Ban ga ƙafarka ba, ban taɓa bugun jininta ba, ban ga hoton ba, don haka ba zan ce maka yi ko bari ba. Wanda ya duba ka shi ke da wannan hurumin tare da kai. Amma da a gabana kake, ba zan rubuta ranar aiki a wannan zaman ba. Zan ba ka wata uku: ka ajiye taba, mu ga HbA1c ya sauko, a gwada jin tafin ƙafarka da jininta, a ɗauki hoto a tsaye, ka yi makonninka cikin takalmin gwaji. Idan ka dawo ciwon yana nan yana hana ka rayuwa kuma waɗannan sun daidaita, zan yi maka aikin da kwanciyar hankali, domin yawancin masu irin yanayinka da suka shiga a shirye suna ajiye sandar bayan watannin jinya, suna tafiya da ƙafarsu ba tare da ciwon da ya kawo su ba. Idan kuwa gwajin zaren ya nuna jin ƙafar ya ragu, sai mu sake zama, domin a nan lissafin ya canza, kuma zan so likitan sugarka ya kasance cikin shawarar.